Firjin Kwalabe Da Aka Mayar Ma'ajiyar Goro: Sharhi Kan Aikin Wani Mai Gyara A Ƙasar Ringim

A cikin kayan gwanjon da ake saukewa daga Turai akwai wani irin firji dogo mai ƙofar gilashi da kantoci masu yawa, wanda a can aka ƙera shi domin ajiye kwalaben giyar inabi, a nan kuwa yakan daɗe a shagunan Sabon Gari bai sami mai tayawa ba, saboda ba ya yin ƙanƙara, ba ya ma sanyaya ruwa yadda mai sana'ar ruwan sanyi yake bukata. Yawancinsu an tsara su ne su tsaya tsakanin digiri 5 da digiri 18, wasu su kai 20, domin abin da aka ƙera su dominsa ba ya son sanyi mai tsanani. Wannan rashin ƙarfin sanyi da ke karya farashinsa shi ne ya sa wani mai gyaran firji a wani gari na ƙasar Ringim, wanda kowa ke kira Injiniya, ya ga za a iya mayar da shi wurin ajiyar goro. Ya yi min aikin a kan wani babba, kuma tun da yanzu firjin ya ga hunturu, ya ga bazara, ya kuma ga damina yana aiki, ina ganin lokaci ya yi da zan bayyana abin da aikin ya ƙunsa, da inda ya biya bukata, da inda ya gaza, musamman domin abokan sana'a da ke yawan tambayata a kasuwar Gujungu.

Goro ƙwaya ce mai rai, tana numfashi, kuma rabin nauyinta ko fiye ruwa ne, saboda haka ba a busar da ita a zuba a rumbu yadda ake yi wa gero. Daga kurmin kudu yake fitowa, ta Shagamu da ƙasar Ondo, wani kuma daga Gana, wato wuraren da iska ba ta rabuwa da laima duk shekara, sai a sauke shi a kasuwar Mariri a Kano, daga nan ya iso mana inda laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, zafi kuma ya haura digiri 40 a watan Afrilu. Idan iska ta bushe sai ya yanƙwane, ya rage nauyi, ya rasa ƙarar da yake yi a baki. Idan zafi ya haɗu da laima sai ya tsiro ko ya yi fumfuna. Hanyar da muka gada ita ce huhu da ganye da algarara da yayyafin ruwa a ɗaki mai duhu, kuma ba zan raina hanyar da ta ɗauko goro daga Gwanja a bayan jakuna shekaru aru-aru ba. Amma duk wanda ya taɓa riƙe daushe daga kaka zuwa ƙarshen bazara ya san abin da yake zubarwa duk lokacin da ya kwance huhu, ya kuma san wahalar samun ɗanyen ganye a Jigawa cikin watan Maris.

Dabarar ba a kan goro aka fara ta ba, kuma Injiniya bai ɓoye min haka ba. A Amurka da Turai akwai masu tara sigar, wato tabar nan mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba zalla, irin wadda ake yi a Kuba da Nikaraguwa. Wannan taba tana bukatar laima tsakanin kashi 65 da 70, da sanyi tsakanin digiri 18 da 21, domin idan ta bushe tana tsagewa, idan kuma wuri ya yi ɗumi ƙwan wani ƙwaro da ke cikin ganyen yana ƙyanƙyashewa ya huda ta. Masu 'yar kaɗan suna ajiye ta a ƙaramin akwatin katako, amma idan ta yi yawa sai su sayi firjin kwalabe, su wanke shi har warin roba ya fita, su cire kantocin ƙarfe su sa aljihunan wani katako mai ƙamshi da ke shan laima yana sakinta a hankali, su toshe ramin da ruwa ke fita, sannan su ajiye ƙunshin daidaita laima irin na kamfanin Boveda, da ƙaramar fanka, da ma'auni. Ni ba mashayin taba ba ne, ba na kuma yi wa kowa sha'awar shanta, amma matsalarsu da tamu ɗaya ce: kaya mai tsada da ke son matsakaicin sanyi da laimar da ba ta hawa da sauka, ga kuma ƙwaron da ɗumi ke tayarwa.

Abin da ya fara gamsar da ni game da Injiniya shi ne bai kwafi abin da ya gani ido rufe ba. Masu sigar sun fi son firjin da ba shi da kwampreso (injin nan da ke matsa gas ya kawo sanyi), wanda ke sanyaya ciki da wani ɗan faranti na lantarki da fanka, saboda ba ya ƙara kuma ba ya busar da iska sosai. Shi kuwa tun kafin mu je saye ya ce min, "Baba, kada ka bari a ruɗe ka da wannan mai shirun, randa ce kawai, zafin da ta tarar take ragewa." Gaskiyarsa, domin irin wannan ba ya iya sauko da zafi fiye da digiri goma da 'yan kai daga na ɗakin da yake ciki, kuma a ɗakin da ya kai digiri 40 wannan ba komai ba ne. Saboda haka mai kwampreso muka nema. Ya kuma nuna min wata takarda da ke manne a jikin kowane firji, wadda ban taɓa kula da ita ba, inda ake rubuta irin yanayin da aka ƙera shi dominsa: harafin N da SN suna nufin zai yi aiki daidai har zuwa digiri 32 na ɗaki, ST har zuwa 38, T kuma har zuwa 43. Yawancin na Turai N ko SN ne. Mun sami mai ST bayan yawo, kuma ko shi sai da ya gindaya min sharaɗin in ajiye shi a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ba a shagon kwano ba. Haka kuma ya ƙi wani mai kyau ƙwarai da aka kawo daga Amurka, saboda wutarsu 110 ce, tamu kuwa 220 zuwa 240, kuma bai yarda a ɗora wa kwampreso taransifomar da za ta zama wani abin lalacewa na daban ba.

Maganar cewa firjin giya ne ta dami wasu daga cikin mutanen gidana, kuma na tambayi malaminmu, ya ce kwalabe rufaffu aka ajiye a ciki, ko da ma wani abu ya zube wanki yana tsarkake shi. Injiniya ya wanke shi ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, ya cire robar ƙofa ya wanke ta daban, sannan ya bar shi a buɗe cikin inuwa da gawayi a ciki har wari ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan matakin ba na tsarki kaɗai ba ne, domin goro yana ɗaukar warin duk abin da ya kwana kusa da shi, kuma mai saye da hanci yake fara ciniki.

Ainihin aikin yana wajen laima, kuma a nan ne na ga bambancin wanda ya fahimci abin da yake yi da wanda ya iya ɗura gas kawai. Firji mai kwampreso yana da faranti a bangon baya wanda ke yin sanyi ƙwarai duk lokacin da injin ya tashi, sai laimar da ke cikin iska ta taru a kansa ta zama raɓa, ta gangara ta wani ɗan rami ta fita waje, inda zafin injin ke ƙafar da ita. Ma'ana, firjin da aka bari yadda yake yana tsotse ruwan goro ne a hankali yana zubarwa a bayan gida, shi ya sa waɗanda suka gwada ajiye goro tsirara a firjin gida suke ganin ya bushe ya yi duhu. Injiniya ya yi abubuwa uku da suka haɗu suka magance wannan. Ya haɗa wata 'yar na'urar sarrafa zafi mai nuna lamba kai tsaye da kwampreso, ya saita ta a digiri 20, ta yadda injin ba ya tashi sai ciki ya kai 22, kuma ko wuta ta ɗauke ta dawo sai ya jira minti 3 zuwa 5 kafin ya kama, wanda hakan ke kare shi daga ƙonewa. Da yake injin ba ya daɗewa yana aiki, raɓar da yake tarawa ba ta da yawa. Sannan ya toshe ramin fitar ruwa, ya yi wata 'yar kwata da ke mayar da raɓar cikin kaskon ƙasa da ya ajiye a gindin firjin. Daga ƙarshe ya ɗaura ƙaramar fankar kwamfuta a saman kaskon tana busa a hankali, ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana komawa cikin iska, iskar kuma tana zagayawa daga ƙasa zuwa sama. Kaskon nan da bai kai kuɗin ƙwaryar goro ɗaya ba, wato goro ɗari, shi ya maye gurbin ƙunshin laima na masu sigar, wanda ko da mun same shi sai mun riƙa sake saye, kuma laimar da ke isar taba ba ta isar goro.

Akwai wani abu da ya ƙi yi, kuma ina ganin ya cancanci a faɗa. Na so ya huda bangon firjin daga gefe domin wayoyi su wuce da kyau, sai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba zan yi ba." Dalilinsa shi ne gas ɗin da ke cikin wannan firji, wanda aka rubuta R600a a takardarsa, yana kama wuta, kuma bututansa suna iya bi ta cikin bango inda ido ba ya gani. Ta ramin ruwan nan ya zura wayar fanka da ta ma'aunin zafi kafin ya toshe shi, kuma duk wani maɓalli da ke iya yin tartsatsi ya bar shi a waje.

Kantoci kuwa, ya fitar da na kwalabe masu lanƙwasa, ya sa na ƙarfe marar tsatsa masu raga. Katakon ƙamshin da masu sigar ke alfahari da shi bai ma kawo maganarsa da nufin mu saya ba, saboda abin da suke nema a jikinsa, wato ƙamshin ya shiga taba, shi ne abin da zai ɓata mana kaya. A kan kowace kanta muka jera kwanduna marasa zurfi, aka shimfiɗa ganye, aka zuba goron da bai wuce hawa uku ba, aka lulluɓe da wani ganyen. Ganye bai fita daga sana'ar ba ke nan, sai dai wanda a da nake canzawa a kai a kai yanzu yana daɗewa da ɗanyensa, kuma wannan kaɗai ragin kuɗi ne da ake ji a aljihu.

Ma'aunin laima guda biyu ya sa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma kafin ya yarda da su sai da ya gwada su da wata dabara ta masu sigar mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. Ana zuba gishiri a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi cikin leda mai zif tare da ma'aunin a bar su su kwana. Jiƙaƙƙen gishiri yana tsayar da laimar iskar da ke rufe da shi a kashi 75, saboda haka ma'aunin da ya nuna wata lamba daban an san iya karkatarsa. Ɗaya daga cikin nawa ya nuna ƙasa da haka, sai Injiniya ya rubuta bambancin a jikinsa da alƙalami. Ƙananan ma'aunan nan na kasuwa ba su da tsada, amma ba a dogara da su sai an yi musu wannan gwaji.

A hunturu ne firjin ya fi nuna amfaninsa. Kwampreso ba ya ma cika tashi saboda gari da sanyi, aikin duk na kasko da fanka ne, kuma laima tana zama tsakanin kashi 80 da 85 muddin ana ƙara ruwa. Goriyar da na ajiye ta fito da sheƙinta da nauyinta, alhali wadda na bari a huhu daga saye ɗaya ta fara yanƙwanewa daga gefe. A bazara ma ya riƙe, ko da yake daga azahar zuwa la'asar injin yana aiki kusan ba hutu, laima ta sauka, sai da dare ta farfaɗo. A wannan lokaci ne ganyen da ke lulluɓe da goron yake tsare shi daga hawa da saukar nan. Ƙofar gilashi ba ta riƙe sanyi kamar ta firjin gida, ga shi tana shigar da haske, shi ya sa muka rataya mata bargo mai kauri, muka kuma jera robobin ruwa a ƙasa domin su riƙe sanyi idan wuta ta yanke.

Damina ce ta tona inda aikin ya gaza. Injiniya ya toshe ramin ruwan ne toshewar dindindin, da tunanin hunturu a ransa, amma a watan Agusta iskar da ke shiga duk lokacin da aka buɗe ƙofa cike take da laima, sai kasko ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a gindin firji, ma'auni ya wuce kashi 95, kwandon ƙasa kuma ya fara fumfuna. Da ya zo ya gani bai yi gardama ba, ya canza toshiyar da wadda ake cirewa a mayar, ya ce in fitar da kaskon gaba ɗaya har ruwan sama ya ɗauke. Gyaran bai karɓi ko kwabo a kansa ba, amma ni ina ganin mai irin basirarsa ya kamata ya hango wannan tun farko, domin kowa ya san shekararmu ba yanayi ɗaya ba ce.

Sankara, wato ɓarnar ƙwaron da ke huda goro, ita ce tambayar da kowa ke fara yi min, kuma amsar ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Firjin ba ya kashe ta. Ƙwaron yana saka ƙwansa a cikin goron tun daga gona ko wurin ɓare shi, kuma digiri 20 yana rage masa saurin girma ne kawai. Abin da na lura shi ne ɓarnar ba ta yaɗuwa da sauri kamar a huhu, kuma da yake kayan a shimfiɗe suke cikin kwanduna, tsince mai huda ya fi sauƙi ƙwarai. Amma tsintar tana nan daram, hannu da ido ne maganinta. Na san akwai masu zuba wa goro maganin ƙwari irin Gamalin, wanda sinadarinsa yana cikin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta haramta tun 2009, ga shi kuma goro ɗanye ake cinsa, ba a dafawa, ba kowa ne ma ke wankewa ba. Idan firjin nan ya sa mutum ya rage asara har ya daina jin sha'awar taɓa irin wannan guba, to wannan ma riba ce, ko da ba ta shiga lissafin kuɗi ba.

Wuta kuwa ita ce ƙashin bayan maganar gaba ɗaya. Firjin ba ya cin wuta da yawa idan yana tafiya, amma lokacin tashin kwampreso yana fizgar ninkin abin da yake ci sau da yawa, saboda haka ƙaramar inbata ta cajin waya ba ta ɗaukarsa. Ni ina da sola da batura tun kafin wannan aiki, abin da na ƙara faranti ne kawai. Wanda zai dogara da wutar layi a ƙauye, ko ya ce zai kunna janareta saboda goro, ba na ba shi shawarar ya fara, domin firji rufaffe mai cike da laima da ya kwana biyu babu wuta a bazara ya fi huhu haɗari: ɗumi da laima sun haɗu, babu iskar da ke ratsawa.

Game da shi mai aikin, hannunsa yana da kyau, kuma yana bayani ba tare da ƙosawa ba, har yaron shagona ya iya saita na'urar da kansa. Kuɗin aikinsa da na kayan da ya ƙara ba su kai rabin kuɗin firjin ba, ya kuma kawo min takardar duk abin da ya saya. Inda nake da ƙorafi shi ne alkawari: ranar da ya ce zai gama ta wuce, wata ma ta wuce, saboda shi kaɗai ne a shagon da yara biyu masu koyo, kuma da zarar mai sana'ar ƙanƙara ya kawo firiza sai ya ajiye naka. Wayoyin da ke bayan firjin ma ya bar su a harɗe da salatif, sai da na matsa ya sa su cikin akwati, abin da bai kamata sai an roƙa ba a gidan da ɓeraye da yara ke yawo. Bai kuma rubuta min komai game da kula da shi ba, da baki ya faɗa: a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, a riƙa share ƙurar hunturu daga ragar baya, a duba robar ƙofa, a zuba ruwa mai tsabta a kasko.

Girman firjin yana yaudarar ido. Ko da yake ya kai tsayin mutum, idan aka cire wurin kasko da robobin ruwa da sararin da iska za ta bi, abin da yake ɗauka a sake bai wuce ƙwarya 50 zuwa 60 ba, gwargwadon girman goron. Dillalin Mariri da ke sauke mota guda ba shi da abin yi da shi, haka ma mai tire da ke sayar da minu da farsa, wato ƙanana da tsagaggu, yana juya jarinsa daga kasuwa zuwa kasuwa. Wanda zai amfana shi ne irina, mai zaɓar goriya da marsa masu kyau a lokacin da sabon goro ya cika kasuwa, ya riƙe su domin masu ɗaurin aure da suna da goron sallah waɗanda ba sa son a kai musu yanƙwananne, kuma ya riga ya mallaki sola. Irin wannan mutum, idan zai je saye, ya tafi da mai gyaran da zai yi masa aikin, a kunna firjin a gabansu ya yi aƙalla awa guda, a karanta takardar da ke jikinsa a ga harafin yanayi da ƙarfin wuta da irin gas, sannan a yi maganar toshiyar da ake cirewa tun kafin a biya kuɗin aiki.